Hoton maginan Bihzad da mai son sayen ganyayen zayyana

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare na ci karo da wannan hoton, har yanzu ban gaji da kallonsa ba. Magina ne suna ta aiki, wasu na cuɗa ƙasa, wasu na hawa tsani, wani na jan kaya sama da igiya. An ce daga wani tsohon littafin Farisa ne. Kyau kam ba a magana. Sai dai mai zanen nan kamar bai san nesa da kusa ba, wanda ke can saman gini da wanda ke ƙasa duk girmansu ɗaya, kuma ko inuwa babu. Ko a lokacin ba a gama iyawa ba ne?

Maman Ilham: Wa alaikumussalam. Ni kalolin ne suka tafi da ni. Kai ka ce jiya aka shafa.

Malamin Tarihi: Ƙanena Ɗan Fagge, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Wannan hoton ginin fadar Khawarnaƙ ne, ana danganta shi ga Kamaluddin Bihzad, yana cikin wani kwafi na Khamsa, wato dogayen waƙoƙi biyar na Nizami, wanda aka yi a Herat wajen 1494 zuwa 1495. Littafin yana babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan yanzu. Herat kuwa tana cikin Afganistan ta yau, a lokacin ita ce fadar Sultan Husaini Baiƙara, jikan gidan Taimur.

Batun rashin iyawa kuwa, a'a. Mutumin da zai iya zana maka yadda bayan lebura ke lanƙwasawa idan ya ɗauki nauyi, ba inuwa ce za ta gagare shi ba. Ba ita yake nema ba. Wannan ba hoton rataya a bango ba ne da za ka tsaya daga nesa ka kalla, shafin littafi ne da ake ɗorawa a kan cinya. Sai suka ɗaga ƙasar sama kamar an shimfiɗa tabarma a tsaye, don kowa ya samu wurinsa, kada wani ya kare wani. Idonka ne zai yi ta yawo a shafin kamar yadda yake bin layin rubutu. A wasu zanukan ma za ka ga cikin gida da wajensa da saman soro a lokaci guda.

Malam Na Zaure: Khawarnaƙ kuka ce? To ai mun san ta. Ita ce fadar da Sarkin Hira, Nu'umanu, ya sa aka gina, da aka gama ya sa aka jefo maginin daga samanta. Sunan maginin Sinimmar. Shi ya sa Larabawa ke cewa an yi wa mutum sakayyar Sinimmar, idan ya yi alheri aka rama masa da tsiya. Mun karanta a littafi tun muna samari, ashe har wani ya zana.

Malamin Tarihi: Ita ce, Allah ya gafarta Malam. Abin da ke burge ni da Bihzad ke nan, labarin sarki ne amma ya bar sarkin ya cika shafi da leburori.

Abu Huzaifa: Ku yi haƙuri zan katse muku jin daɗi. Yaya za a yi mu zauna muna yabon zanen mutane alhali hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa masu sura su ne mafi tsananin azaba ranar alƙiyama? Kuma da ma Iran ce, an san su wane ne. Wannan aikin 'yan Shi'a ne, kada a jingina shi ga Musulunci.

Malamin Tarihi: Ustaz, hadisin nan babu mai musunsa, kuma ni ba mai fatawa ba ne. Amma maganarka ta biyu tarihi bai goyi bayanta ba. Herat ta zamanin Bihzad garin Ahlus Sunna ce. Sai a 1501 Shah Isma'il ya kama Tabriz ya mayar da Shi'anci mazhabar hukuma, lokacin kuwa sana'ar nan ta haura shekara ɗari biyu da kafuwa. Daular Usmaniyya, 'yan Hanafiyya, suna da nasu ɗakin masu zane a fadar Istambul. Sarakunan Mugal na Indiya ma haka. Kai tun kafin duk waɗannan, a 1237, wani mai suna Yahaya al-Wasiɗi ya kwafe Maƙamatul Hariri ya cika shi da hotuna, ƙarƙashin halifancin Abbasiyawa. Kwafin yana birnin Faris na Faransa.

Malam Na Zaure: Muƙama? Wannan dai da muke sha da ƙyar a gaban malamai saboda tsaurin lugga?

Malamin Tarihi: Ita fa. Da gwarzon labaran, Abu Zaidin Saruji, da duk wayonsa, ga raƙuma, ga ayarin alhazai da tutoci da tambura.

Abu Huzaifa: To na janye batun Shi'a, na gode da gyara. Amma aikin sarakuna ba hujja ba ne a shari'a. Sarakuna sun sha giya ma.

Malam Na Zaure: Nan kam ka yi gaskiya ɗana. Kuma ku lura, su kansu sun san iyaka. Ban taɓa jin an sa surar mutum ko ta dabba a cikin Mus'hafi ba, ko a bangon masallaci. Malamai sun yi dogon bayani a kan bambancin sura mai jiki wadda take da inuwa da wadda take a shimfiɗe a kan tufa ko takarda, a wajenmu Malikawa ta farkon ce aka fi tsanantawa. Wasu malaman kuma sun haɗa duka sun hana. Saɓanin tsoho ne, ba a zauren WhatsApp za mu ƙare shi ba.

Malamin Tarihi: Su ma can ba su ƙare shi ba. Akwai littattafai da yawa da za ka tarar wani mai karatu daga baya ya sa yatsa ya murje fuskokin, ko ya ja layi a wuyan mutanen da ke cikin hoton, alamar ya raba kai da gangar jiki. Kuma Shah Tahmasp, ɗan Shah Isma'il da ya gaje shi, wanda a ƙuruciyarsa shi kansa ya koyi zane kuma ya tara gwanayen da ba a taɓa tara irinsu ba, daga baya zuciyarsa ta juya, ya yi shelar tuba a 1556, ya janye hannunsa daga harkar. Tun kafin shelar ma masu zanensa sun fara watsewa. Biyu daga cikinsu, Mir Sayyid Ali da Abdussamad, suka bi Sarkin Mugal Humayun zuwa Kabul, daga nan Indiya. Su ne suka jagoranci aikin Hamzanama, littafin almarar jarumtar Amir Hamza, a zamanin Akbar ɗan Humayun, hoto wajen 1,400. Ka ga tuban sarki ɗaya ya zama arzikin wata fadar.

Maman Ilham: Ni dai a dawo kan maganar kalolin nan don Allah, Yaya. Da me suke haɗa kalar da ta shekara ɗari biyar ba ta koɗe ba? Atamfar da na saya da Sallah har ta fara fita hayyacinta.

Malamin Tarihi: Hajiya, yawancinsu duwatsu ne da ma'adinai, ba rini ba. Shuɗin nan mai zurfi dutsen lazawardi ne daga duwatsun Badakshan, a niƙa shi, a wanke, a tace. Rawaya daga wani ma'adini da Larabawa ke kira zirnik. Zinariya kuwa ta gaske ce, a buga ta ta zama fallen da iska ke iya ɗauka, a murje ta, a shafa da buroshi, ta bushe a goge ta da dutse mai santsi har ta yi walƙiya. Abin da ke riƙe kalar a takarda shi ne ƙaro.

Ba duka ne suka tsira ba fa. Ruwa da azurfa suke zana shi, azurfa kuma tana baƙi idan ta daɗe, shi ya sa za ki ga ƙorama baƙa ƙirin tana ratsa lambu, ki ɗauka kwata ce. Akwai kuma wani kore da ake samu daga tsatsar tagulla, shi wannan cin takarda yake yi har ya huda ta.

Mai Zayyana: Ƙaro dai namu na tawada? Ikon Allah. Ni da na tashi a gidan rubutun Alƙur'ani abin nan bai yi mini baƙo ba ko kaɗan. Mu ma baƙi na jikin rubutu ne, ja na wasali, ɗigon rawaya na hamza, kore na alifin wasali. Kuma mai rubutu daban, sau da yawa mai zayyana daban. Babana idan ya zo kan rubu'i ko hizbi sai ya bar fili ya wuce, a kawo mini in cike. Su can haka suke yi?

Malamin Tarihi: Kamar ka leƙa. Mai rubutu ne kan gaba, a daraja ma shi ne sama da mai zane. Shi zai fara, ya bar gurbin hoto. Sai mai jan layukan gefe, sai mai aikin zinariya, sai mai zane, daga ƙarshe mai ɗinki da bango. Tun kafin nan akwai wanda aikinsa kawai ya shafa wa takarda sitaci ya goge ta har ta yi sulɓi. Buroshin da ake fitar da gashin gemu da shi, 'yan silin gashin kyanwa ne ko na kurege a ɗaure a bakin gashin tsuntsu. Idan ana son maimaita wani doki ko wani mahayi, sai a bi zanen da allura a huhhuda, a ɗora a kan sabuwar takarda, a buga garin gawayi ya ratsa.

Akwai wata takarda da ta tsira a fadar Topkapi ta Istambul, rahoto ne da ake dangantawa ga Ja'afar na Tabriz, shugaban ɗakin littattafan Yarima Baisungur a Herat. Yana lissafa wa ubangidansa mutum-mutum, wane ya kai wuri kaza a littafi kaza, wane yana kan bango. Kamar dai rahoton shugaban ma'aikata. Daga ɗakin nan kwafin Baisungur na Shahnama, waƙar sarakunan Farisa, ya fito a 1430, yana fadar Gulistan a Tehran.

Ɗan Fagge: To Yaya, ni akwai abin da na gani a wasu hotunan da na bincika da safen nan. Gajimare a nannaɗe kamar rawani, da wani maciji mai ƙafafu, ga fuskoki masu ƙananan idanu. Wannan ai kamar na Sin.

Malamin Tarihi: Idonka ya fara buɗewa. Mongol ne suka kawo. Hulagu ya ci Bagadaza a 1258, zuriyarsa suka zauna suna mulkin Iran, 'yan uwansu kuma na mulkin Sin, hanya ta buɗe tsakaninsu. Siliki da tangaran da zanukan Sin suka cika Tabriz. Sarkinsu na Iran, Gazan Khan, ya musulunta a 1295, wazirinsa Rashiduddin ya haɗa tarihin duniya mai suna Jami'ut Tawarikh, ya kafa unguwa guda ta masu kwafi da zane. Wani ɓangare na kwafin Larabci da aka yi yana raye yana jami'ar Edinbara. Idan ka duba duwatsu da itatuwan cikinsa, hannun Sin a fili yake. Tsuntsuwar nan Simurg da ta reni Zal, uban jarumi Rustam na Shahnama, ita ma kamannin tsuntsun almarar Sin aka ba ta daga lokacin.

Maman Ilham: Na ga wani yanzu, yara a makaranta da alluna a hannu, malami da sanda. Wallahi kamar makarantar allon unguwarmu.

Malamin Tarihi: Da alama Laila da Majnun ne a makaranta, inda suka fara ganin juna. Masu zane suna son wurin nan ƙwarai.

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Tun safe nake bin ku ban ce uffan ba, amma maganar Mai Zayyana ta sa dole in yi magana, don ina cikin wani hali. Kakanmu ya bar littattafai, tun rasuwar mahaifinmu suna ɗakina a cikin adaka. Akwai Alƙur'ani rubutun hannu a gafakarsa, akwai Dala'ilu mai zanen Rauda da mumbari, da wasu na fiƙihu da gara ta fara taɓawa. Watan jiya wani mutum ya zo ta hannun wani abokin ƙanena, ya duba, ya ce shi ba duka yake so ba. Ganyayen da ke da zayyana kawai zai ɗauka, na farkon Baƙara da sauran manyan wuraren, da shafuka biyun nan na Dala'ilu. Kuɗin da ya faɗa ba kaɗan ba ne a halin da ake ciki. Ƙannena biyu sun ce a sayar, tunda ai rubutun yana nan, ado ne kawai zai tafi. Kun san namu ba a ɗinke suke ba, zare ganye ba wuya. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Mai Zayyana: Inna lillahi. Alhaji kada ka yarda. Wane irin ado ne kawai? Bayan ganyen ai ayoyi ne.

Abu Huzaifa: A nan ni da Mai Zayyana bakinmu ɗaya. Mus'hafi ne fa. Ka san hannun da zai faɗa?

Malamin Tarihi: Alhaji, bari in ba ka labarin littafin da ya fi kowanne a wannan fanni, ka kai wa ƙannenka.

Shahnama waƙar Firdausi ce, tarihin sarakunan Farisa da almararsu, baiti wajen 50,000, ya kammala ta a 1010. Kowane sarki yana son a yi masa kwafinsa. Wanda aka yi wa Shah Tahmasp a Tabriz, an fara shi a farkon shekarun 1520, aka shafe shekaru ana yi, hoto 258 a ciki. A nan wani gwanin mai zane da ake kira Sultan Muhammad ya zana fadar Gayumars, sarkin farko, yana zaune a ƙwanƙolin dutse jama'arsa sanye da fatun damisa, idan ka ƙura ido a duwatsun sai ka ga fuskoki a ɓoye. A 1568 Tahmasp ya aika da littafin kyauta ga Sultan Salim na Biyu na Usmaniyya. Ya shekara ɗaruruwa a Istambul lafiya lau. Ya fita zuwa Faris hannun gidan Rothschild, nan ma lafiya. Yaƙe-yaƙe duk ya tsallake su da hotunansa cif.

A 1959 wani attajirin Amurka, Arthur Houghton, ya saye shi. Shi ne ya farke ɗinkin. Ya ba gidan tarihi na Metropolitan a New York hoto 78 a 1970, sauran ya shiga sayarwa ɗaya-ɗaya, biyu-biyu, a kasuwar gwanjo. Bayan mutuwarsa, a 1994, Iran ta karɓo abin da ya rage, hoto 118 da shafukan rubutu da bangon, ta hanyar musaya da wani zanen zamani na mai zane Willem de Kooning da ke ajiye a Tehran. A filin jirgin saman Biyana ta Ostiriya aka yi musayar. A 2022 an sayar da shafi ɗaya tak, wanda Rustam ke ƙwato dokinsa Rakhsh, sama da fam miliyan 8 a Landan. Yau babu mahaluƙin da zai iya zama ya buɗe littafin nan daga farko zuwa ƙarshe yadda Tahmasp ya buɗe shi. Hoton yana wata ƙasa, baitocin da suka kai ka gare shi suna wata.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na wani dillali a Faris, Georges Demotte, a farkon ƙarni na 20. Babbar Shahnama ta zamanin Mongol ce ta faɗa hannunsa, ta wajen shekarun 1330. Inda ya tarar da hoto gaba da baya a ganye ɗaya, sai ya sa a tsage kaurin takardar gida biyu, don ya sayar sau biyu. Wasu hotunan aka liƙa su a kan rubutun da ba nasu ba. Abin da ya rage bai kai hoto 60 ba, a warwatse, masana har yau suna fama da jera su.

Ɗan Fagge: Tsage kaurin takarda? Kai, wannan ko mahauci sai haka.

Baban Khalifa: To ai Malam, ƙanena zai ce maka ga shi nan da bakinka ka faɗa, shafi ɗaya fam miliyan 8. Kuma da ba a raba ba, da Ɗan Fagge bai ga hoto a wayarsa ba.

Malamin Tarihi: Wanda Ɗan Fagge ya gani ai littafinsa yana nan a haɗe, ba a farke shi ba, hoto aka ɗauka. Miliyoyin kuma ba wanda ya fara rabuwa da ganyen ne ke cin su ba, na uku ko na huɗu ne. Mutumin nan da ya zo gidanku ya san inda zai kai, ku ba ku sani ba. Kuma ranar da ganyayen suka fita, abin da ya rage a gafakar ya tashi daga cikakken Mus'hafi, ko a wajen mai saye darajarsa ta faɗi.

Malam Na Zaure: Ɗana Baban Khalifa, magana biyu. Ta farko, ka duba ganyen ƙarshe da na farko da kyau. Idan akwai inda kakanku ya rubuta waƙafi ne ko hubusi, to magana ta ƙare, ba gado ba ne balle a sayar. Idan babu, to hakkin magada ne gaba ɗaya, har da mata, ba kai da ƙannenka biyu kaɗai ba. Hanyar da na sani ita ce a yi wa littattafan ƙima, wanda yake son riƙewa ya biya sauran rabonsu, ko da kaɗan-kaɗan ne. Na ga gidan da aka raba Muwaɗɗa ganye-ganye tsakanin 'ya'ya don a yi adalci, yau ba wanda ke da Muwaɗɗa a cikinsu.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, ban taɓa duba ƙarshen ba wallahi. Zan duba yau bayan Isha'i.

Maman Ilham: Alhaji, ka kira yayyenku mata ka gaya musu kafin mutumin ya dawo. Ina tabbatar maka ba za su yarda a taɓa Alƙur'anin kakansu ba. Kuma ka raba adakar nan da ƙasa saboda gara.

Malamin Tarihi: Sannan ka nemi masu kula da tsofaffin rubuce-rubuce, akwai su a Gidan Arewa da ke Kaduna, su ba ka shawarar adanawa da ɗaukar hoto. Ka ɗauki kowane ganye gaba da baya, a jere.

Abu Huzaifa: Wannan ɗaukar hoton kam ba ni da ja a kansa.

Ɗan Fagge: Ustaz ya sauko 😄

Abu Huzaifa: Ban sauko ba, ina nan a kan bakana game da maginanka.

Baban Khalifa: Jama'a na kasa jira, na buɗe yanzu. Babu maganar waƙafi, sunan wanda ya rubuta ne kawai da addu'a. Amma ganyayen sun hautsine a tsakiya, wajen Kahfi na ga Maryam ta riga ta, kuma gefen wasu ya fara ɓarɓashi. In sa salatif?

Mai Zayyana: Kada ka kuskura! Salatif cin takarda yake yi, ya bar tabo. Kada ka sa komai. Ka duba can ƙasan bayan kowane ganye, za ka ga kalma ɗaya ita kaɗai, ita ce kalmar farko ta ganyen da ke biye, da ita ake jerawa. Idan ya rikice maka ka bar shi yadda yake, ka mayar cikin gafaka ka ɗaure. Turo mini kwatancen gidan ta akwatina, ranar Asabar bayan La'asar zan shigo, in Allah ya yarda.